Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar WADA Kan Gwajin Fitsari Da Magudin Jini

Zuwa ga Shugaban Hukumar Yaƙi da Amfani da Abubuwan Ƙara Kuzari a Wasanni ta Duniya, Witold Bańka, da dukan ma'aikatan hukumar a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ɗan kallo ne, ɗaya daga cikin ɗimbin mutanen da ke raba dare domin ganin tseren keke da gudun dogon zango, kuma na daɗe ina bin labarin yadda ake kama masu magudi da yadda suke kuɓucewa. Kai kuwa tsohon ɗan tseren mita 400 ne, ka san ɗakin da ake shiga bayan an gama gasa, ka san zaman jiran fitsari ya zo alhali gumi ya riga ya tafi da ruwan jiki, ga jami'i tsaye a kanka ba ya ko ƙifta ido. Don haka ba zan tsaya yi maka bayanin abin da ka fi ni sani ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na gaji da jin ta daga bakin 'yan wasa da masu horar da su, wato cewa wane an gwada shi sau ɗaruruwa ba a taɓa samun komai a fitsarinsa ba. Lance Armstrong ya shafe shekaru yana kare kansa da wannan hujja, har zuwa 2012 da aka ƙwace nasarori 7 da ya yi a gasar tseren keke ta Tour de France, sannan a watan Janairun 2013 ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da EPO, maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini, kuma ya yi ƙarin jini. Bayan duk wannan, hujjar tana nan tana yawo, jama'a na karɓar ta, kuma ina ganin hukumarku tana da kaso a cikin laifin, domin ba ku taɓa fitowa kun faɗa wa mai kallo irina da kakkausar murya iyakar abin da kwalbar fitsari ke iya gani ba.

Tun da wasiƙar a buɗe take, bari in ɗan yi shimfiɗa saboda sauran masu karatu. Tsoka ba ta aiki mai tsawo sai da iskar oksijin, kuma jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗauko iskar daga huhu su kai mata. Wanda ya fi yawan waɗannan ƙwayoyi ya fi daɗewa bai gaji ba. Ɓargon ƙashi ne ke ƙera su, amma umarnin ƙerawar daga ƙoda yake fitowa, ta hanyar wani sinadari da ake kira EPO. Mai son magudi yana iya ɗura wa kansa jini kai tsaye, nasa da ya ajiye ko na wani. Yana iya yin allurar EPO na kamfani, wanda aka ƙirƙira domin masu ciwon ƙoda da jininsu ke ƙarewa. Yana kuma iya shan maganin da zai yaudari jiki ya zaci iska ta yi ƙaranci kamar an hau tsauni, sai ƙodar ta ƙara fitar da nata EPO ɗin.

Hanya ta farko ita ce tsohuwa. Kaarlo Maaninka na ƙasar Finlan ya amsa cewa an ƙara masa jini kafin ya ci lambobi biyu a gasar Olamfik ta Mosko a 1980, wasu 'yan tseren keken Amurka ma sun yi haka a gasar 1984, lokacin ba a ma haramta abin ba. Da EPO na kamfani ya shigo kasuwa a 1989 sai aka jingine ledar jini, saboda allura ta fi sauƙi. An haramta shi a 1990, amma aka yi shekara goma cur babu gwajin da zai nuna shi. Abin da hukumar tseren keke ta iya yi a 1997 shi ne ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyinsa suka wuce kashi 50 cikin 100 na jininsa ya je ya huta na mako biyu, wai don lafiyarsa. Da wannan doka aka fitar da Marco Pantani daga gasar Giro ta Italiya a 1999 yana kan gaba saura kwana biyu a gama. Sauran kuwa suka ɗauki kashi 50 ɗin a matsayin izini, kowa ya cika jininsa zuwa 49 ya tsaya. Ita kanta hukumarku 'yar wannan zamani ce. A watan Yulin 1998 jami'an kwastan suka tare motar Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar tseren keke ta Festina, a kan iyakar Beljiyam da Faransa, suka same ta maƙare da magunguna, kuma daga wannan abin kunya aka kafa WADA a watan Nuwamban 1999. Ina so a riƙe wannan: jami'in kan iyaka ne ya fasa ƙwan, ɗakin gwaji bai ga komai ba.

Ba zan rage wa gwajin fitsari darajarsa ba, domin aiki ne na masu basira. EPO na kamfani da wanda ƙoda ke yi kusan abu ɗaya ne, furotin ɗinsu iri ɗaya. Bambancin yana wajen 'yan rassan sukari da ke manne a jikin furotin ɗin, domin na kamfani a cikin ƙwayoyin halittar wata dabba dangin ɓera ake renonsa, kuma yadda suke jera sukarin ya ɗan saɓa da yadda jikin mutum ke yi. Françoise Lasne da Jacques de Ceaurriz na ɗakin gwajin da ke kusa da birnin Faris su ne suka gano yadda za a fito da wannan ɗan bambanci fili a shekarar 2000. Ana tace fitsarin a tattara ɗan furotin da ke ciki, a ɗora shi a kan wani faifai mai danƙo, a saki wutar lantarki, sai kowane nau'i ya yi tafiya ya tsaya a inda cajinsa ya kai shi. A ƙarshe hoto ke fitowa mai layuka baƙaƙe a jere kamar matakalar tsani, na jiki a gefe guda, na kamfani ya karkata wani gefen. An fara aiki da shi a gasar Olamfik ta Sidni ta 2000. Bayan shekara biyu, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Amurka, aka kama Johann Mühlegg da Larisa Lazutina da Olga Danilova da wani sabon ɗan'uwan EPO mai suna darbepoetin, wanda bai daɗe da fitowa kasuwa ba, su kuma suna zaton babu wanda ya san shi tukuna. Daga baya aka ƙaro wata hanyar da ke rarrabe su ta nauyi maimakon caji, wadda ɗakin gwajin Ostiriya ya taka rawa wajen inganta ta. Magungunan yaudarar jiki irin su roxadustat ma a fitsari ake ganin su, kamar yadda aka gani a shari'ar 'yar wasan tanis Simona Halep, wadda aka yanke wa shekara 4 kafin kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta amince cewa gurɓataccen kayan gina jiki ne ta mayar da hukuncin wata 9 a 2024. Duk wannan na yarda da shi.

Matsalar ita ce lokaci. EPO baƙo ne mai saurin tafiya. Idan aka yi allurarsa ta jijiya, cikin 'yan sa'o'i rabinsa ya bar jini, ko da an zuba da yawa bai fi 'yan kwanaki ake iya ganin sawunsa a fitsari ba. Amma ƙwayoyin da ya sa aka ƙera suna rayuwa kimanin kwana 120. Wato maganin ya tafi, amfaninsa ya zauna. Wanda ya gama allurarsa mako biyu kafin gasa zai zo da jini cike, ya ci tsere, ya shiga ɗaki ya cika kwalba da fitsari mai tsabta, kuma gwajin bai yi kuskure ba, gaskiya ya faɗa, babu komai a ciki. Da 'yan magudi suka fahimci haka sai suka koma ɗan kaɗan-kaɗan. Allura ƙarama da dare bayan ƙarfe 11, lokacin da aka san jami'i ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, a bi ta da ruwa mai yawa, kafin gari ya waye abin da ya rage bai kai a gani ba. Waɗanda suka tuba daga cikinsu sun yi wannan bayani dalla-dalla, kuma kwamitin da ya binciki tarihin magudi a tseren keke ya ba da shawara a rahotonsa na 2015 cewa a riƙa gwajin dare idan akwai ƙwaƙƙwaran zargi.

Akwai wani bincike da ya kamata a ce kowane ɗan jaridar wasanni ya haddace shi. A 2008 Carsten Lundby da abokan aikinsa a Denmak suka yi wa mutum 8 allurar EPO da saninsu, suka aika fitsarinsu zuwa ɗakunan gwaji biyu masu lasisinku. A makonnin da ake zuba maganin da yawa, ɗaki ɗaya ya kama dukansu, ɗayan kuwa bai tabbatar da ko mutum ɗaya ba, iyakarsa ya ce yana zargi. Da aka rage allurar, jinin mutanen ya ƙaru, ƙarfin gudunsu ya ƙaru, ɗakin farko ya kama samfuri 2 kacal cikin 24, na biyun bai ga komai ba. Na san an inganta hanyoyin tun daga lokacin, ba na musun haka. Amma tsarin jikin ɗan Adam bai canza ba, ƙoda tana tace maganin da saurin da ta saba.

Wannan ke nan game da allura. Idan aka zo ga ledar jini, fitsari kusan kurma ne. Jinin wani mutum ana iya gane shi, amma a cikin jini, ta hanyar ganin ƙwayoyi iri biyu suna yawo a jijiya ɗaya, kuma da wannan aka kama Tyler Hamilton a gasar tseren keke ta Sifaniya ta 2004. Wanda ya ja nasa jinin a lokacin hutu, ya sa a firji, ya mayar da shi ana gobe gasa, me za a nema a jikinsa? Babu baƙon abu. Jininsa ne ya dawo gida. Dabara ɗaya da aka yi ta fitsari ta burge ni ƙwarai, wadda masana a ɗakin gwajin Barsalona suka yi aiki a kanta: tun da ba za a ga jinin ba, a nemi sawun ledar. Ledar ajiye jini ana tausasa robarta da wani sinadari mai suna DEHP, yana narkewa kaɗan-kaɗan ya shiga jinin, idan aka ɗura sai ragowarsa ta yi tsalle a fitsari na kwana ɗaya ko biyu. Sunan wannan gwaji ya fito a shari'ar Alberto Contador bayan gasar Tour de France ta 2010, amma hukuncin shekara 2 da aka yanke masa a 2012 a kan wani haramtaccen magani mai suna clenbuterol ne, ba a kan ƙarin jini ba. Dalilin a bayyane yake. Wannan sinadari yana cikin kayan roba da yawa da kowa ke taɓawa kullum, kusan kowa yana da ɗan burbushinsa a fitsari, kuma akwai ledojin da ake yi babu shi. Ya isa ya sa a ɗaga gira, bai isa a rataye mutum da shi ba.

To su wa suka kama masu ledar? 'Yan sanda. A 2006 jami'an tsaron Sifaniya suka kutsa wuraren likita Eufemiano Fuentes a Madrid suka tarar da ledojin jini kusan 200 masu ɗauke da sunayen ɓoye. A 2019, ana tsaka da gasar zamiyar ƙanƙara ta duniya a Seefeld ta Ostiriya, 'yan sanda suka faɗa ɗaki suka sami Max Hauke da allura a hannu jini na shiga, sannan aka kama likitan da ke bayan harkar, Mark Schmidt, a Erfurt ta Jamus, wanda daga baya aka ɗaure shi shekara 4 da wata 10. Mutanen nan duk sun sha ba da fitsari. Ledojin Madrid kuwa sai da aka yi shekara goma ana jan ƙafa a kotu kafin a miƙa muku su a 2016, lokacin wa'adin hukunta masu su ya riga ya wuce, ihu bayan hari.

Ko a cikin dangin EPO ba kowanne ke son fita ta fitsari ba. CERA, wanda aka ƙera da girma domin ya daɗe a jikin mara lafiya, da ƙyar yake ratsa matatar ƙoda. An kama ɗan tseren keke Riccardo Riccò da shi a 2008, amma sauran 'yan tseren irin su Bernhard Kohl sai da aka koma kan jininsu da aka ajiye. Haka aka sake buɗe samfuran gasar Olamfik ta Bejin, aka ƙwace zinaren mita 1500 daga hannun Rashid Ramzi na Bahrain aka bai wa Asbel Kiprop na Kenya. Abin dariya abin kuka, shi ma Kiprop ɗin a 2019 aka dakatar da shi shekara 4 saboda EPO da aka gani a fitsarinsa, ko da yake har yau yana musantawa. A shari'arsa an tabbatar da wani abu da ya fi sakamakon tayar mini da hankali, wato jami'in da zai karɓi samfurin ya sanar da shi tun kafin ya zo. Gwajin da dukan ƙarfinsa ya dogara ga bazata, idan aka buga waya aka ce ga mu nan gobe, me ya rage?

Yanzu bari in juyo ɗaya fuskar, wadda ta fi yi mini zafi, domin ɓarawon da ya tsere yana iya faɗawa hannu gobe, amma wanda aka shafa wa kashin kaji da wuya ya wanku.

Hoton nan mai layuka mutum ne ke karanta shi da ido. Idan an zuba magani da yawa, yaro ma zai ga bambanci. Idan kaɗan ne, abin da ake nema wata 'yar inuwa ce da ta ɗan haura saman layin na jiki, kuma a nan ƙwararru biyu masu gaskiya suna iya saɓawa. A 2003 aka ce an ga EPO a kwalbar farko (kwalba biyu ake raba fitsarin ɗan wasa, a ajiye ta biyu domin tabbatarwa) ta ɗan gudu Bernard Lagat, labari ya fita, ya rasa gasar duniya ta Faris, bayan makonni aka buɗe kwalba ta biyu babu komai. Rutger Beke na Beljiyam an dakatar da shi, sai da masana suka nuna cewa ƙodarsa tana zubar da furotin mai yawa bayan motsa jiki mai tsanani har ya rikita hoton, sannan aka wanke shi a 2005. Na baya-bayan nan shi ne Peter Bol, ɗan Ostireliya haifaffen Sudan, wanda ya zo na huɗu a tseren mita 800 a gasar Olamfik ta Tokiyo. A watan Janairun 2023 aka dakatar da shi, sunansa ya cika jaridu da kalmar EPO a gefe. A watan Fabrairu kwalba ta biyu ta ƙi gaskata ta farko. A watan Agusta hukumar ƙasarsa ta rufe binciken bayan ƙwararru sun sake duba hoton farko sun ce da ma bai kamata a kira shi kamu ba. Wata bakwai mutum yana yawo da tambarin magudi a goshi saboda inuwar da aka karanta ba daidai ba. Ga kuma abin da masana a Bejin suka gano, cewa akwai mutane ƙalilan, musamman a gabashin Asiya, da suka gaji wani sauyi a halittarsu wanda ke sa EPO ɗin jikinsu ya fi na kowa nauyi, har ya yi kama da na kamfani a hoto. Kun gyara ƙa'idojinku saboda wannan, na yaba. Amma kafin a gano shi an yi shekaru ana gwaji da tabbacin cewa irin haka ba ta yiwuwa. Tarihin Eero Mäntyranta, gwarzon zamiyar ƙanƙara na Finlan a shekarun 1960 wanda aka haifa da jini mai kauri fiye da na kowa saboda gado, ya isa ya koya mana cewa jikin mutane ba a ma'auni ɗaya aka zuba shi ba.

Sai ita kwalbar kanta. Mililita 90 ake buƙata, a raba biyu, a rufe da murfin da aka ce ba ya buɗuwa sai an fasa shi. A gasar Olamfik ta hunturu ta Sochi a Rasha a 2014 an buɗe shi. Grigory Rodchenkov, shugaban ɗakin gwajin, ya bayyana yadda ake miƙa kwalabe ta wani ɗan rami a bango da tsakar dare, a zubar da na ciki, a zuba fitsarin ɗan wasan da aka ajiye tun yana da tsabta, a daidaita kaurinsa da gishiri. Rahoton Richard McLaren na 2016 ya ce 'yan wasan Rasha fiye da 1000 ne suka amfana da tsarin rufa-rufar. Tun kafin haka an san masu shafa wani gari a yatsa wanda ke narkar da furotin, su bari ya faɗa cikin kofin, EPO na jiki da na kamfani duk su ɓace. Ba zan daɗe a nan ba, kun fi kowa sanin wannan ciwo.

Za ku ce mini ai shi ya sa aka kawo fasfon jini, wanda tseren keke ya fara a 2008 ku kuma kuka fitar da ƙa'idarsa a 2009. Gaskiya ne, kuma a ganina shi ne abu mafi hikima da aka yi a wannan fage, domin ya daina neman maganin ya koma neman sawunsa: ana bin jinin ɗan wasa wata da watanni, a ga ko sababbin ƙwayoyi sun yi yawa kwatsam, ko sun ɗauke ɗif alhali tsofaffin sun cika, wanda ke nuna ɓargo ya ga jini ya wadata ya tsaya da aiki. Ya rage haukan shekarun 1990 ƙwarai. Sai dai Michael Ashenden da abokansa sun nuna a 2011 cewa sun yi wa mutum 10 ƙananan allurai har jininsu ya ƙaru sosai, fasfon bai ɗaga tuta a kan ko ɗaya ba. Kuma jini kaya ne mai lalacewa, yana son sanyi da saurin isa ɗakin gwaji, ga ɗakunan masu lasisinku kusan 30 ne a duniya, mafi yawansu a Turai. 'Yan gudun dogon zango kuwa a kan tsaunuka masu nisa suke atisaye. Saboda haka a wurare da dama fitsari ne zai ci gaba da ɗaukar nauyin, ko muna so ko ba ma so, kuma wannan ne ya sa nake ganin dole a faɗi gaskiyar iyakarsa.

Ga abin da nake roƙo. Idan kun fitar da alƙaluman shekara, kada ku bar jaridu su tsaya a kan jimillar samfuran da aka karɓa. Ba kowane fitsari ake nema wa EPO ba, gwaji ne na daban mai tsada da cin lokaci, sai an buƙace shi. Ku sa a gaba, da harshen da kowa zai gane, nawa aka gwada wa EPO, nawa aka karɓa ba a lokacin gasa ba, nawa aka karɓa da sassafe, nawa kuma aka karɓa saboda fasfo ya nuna alama ko wani ya tsegunta. Samfuri ɗaya da aka ɗauka da asuba a sansanin atisaye mako uku kafin babbar gasa ya fi ashirin da aka ɗauka a bakin layin ƙarshe, kuma hukumar ƙasa da ke tara adadi don cika takarda ya kamata a gane ta daga alƙalumanta.

Game da karatun hoton, na san ƙa'idarku ta tanadi jin ra'ayin ƙwararre na biyu kafin a bayyana kamu, kuma bayan abin da ya sami Bol kun ce za ku sake duba tsarin. Ina roƙon ku ƙara gaba. Ku riƙa cusa samfuran jarrabawa cikin na gaske ba tare da ɗakin gwaji ya sani ba, musamman masu ɗan magani kaɗan da masu tsabta amma masu rikitarwa, sannan ku buga sakamakon kowa ya gani, sau nawa aka kuskure ta wannan gefe, sau nawa ta wancan. Duk gwajin asibiti ana faɗin yawan kuskurensa, ban ga dalilin da zai sa wanda ke iya kashe sana'ar mutum ya zama abin sirri ba. A kuma ba ɗan wasan da ake zargi cikakkun hotunan asali da wuri, ba tare da sai ya sayar da abin hannunsa ya ɗauki lauya ba. Bol ya sami masana masu zaman kansu da suka duba masa. Yarinyar da ta fito daga ƙasar da hukumar wasanninta ko kuɗin jirgi ba ta iya biya, wa zai duba mata? Sannan a shari'ar EPO kaɗai, saboda yanayin gwajin, ina ganin bai kamata sunan kowa ya fita ba sai an buɗe kwalba ta biyu, kuma duk jami'in da ya fitar da shi kafin nan a hukunta shi kamar yadda ake hukunta ɗan wasa.

Dokarku ta ba da damar ajiye samfuri har shekara 10. Wannan makami ne babba, shi ne ya kama Ramzi, kuma fitsarin gasar Tour de France ta 1999 da aka sake dubawa ne ya fara nuna EPO a samfuran da jaridar L'Équipe ta danganta da Armstrong a 2005. Amma ajiya kuɗi ce, kuma hukumomi da yawa suna barin a zubar da samfuri bayan 'yan watanni. A wajabta ajiye na duk wanda ya hau mumbarin lambar yabo a manyan gasannin juriya, a sake buɗe su tun da sauran lokaci, kada a jira shekara ta tara wanda aka zalunta ya riga ya tsufa ya bar fili. Kuɗin bincike kuma a karkata shi ga wannan tsohon rami na mai ƙara wa kansa jininsa, wanda ya haura shekara arba'in a buɗe. Kuma tun da tarihi ya nuna cewa kwastan da 'yan sanda da masu tsegumi ne suka tono manyan badaƙalolin, daga Festina zuwa Erfurt, sashenku na bincike da kare masu fallasa bai cancanci ya zauna a matsayin ɗan rakiya ba.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗakin da na ambata a farko. Ana buƙatar ɗan wasa ya ɗage riga, ya sauke wando, jami'i yana kallon fitsarin yana fita daga jikinsa. Ana buƙatar ya rubuta inda zai kasance na sa'a ɗaya a kowace rana ta shekara, idan aka neme shi aka rasa sau 3 cikin wata 12 a hukunta shi ko da ba a sami komai ba. Dubban mutanen da ba su taɓa magudi ba suna haƙuri da wannan, mata da maza, har da masu ƙananan shekaru, saboda an ce musu shi ne zai kare su daga masu cuta. Wanda aka nemi ya ajiye kunyarsa haka yana da haƙƙin a gaya masa abin da kwalbar za ta iya kamawa da abin da ba za ta iya ba, kuma daga bakinku ya kamata ya ji. Ina sauraron rahotonku na gaba in ga ko za a ware adadin gwajin EPO na asuba a shafin farko.

Na gode da lokacinka, Yallaɓai. A huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar wasannin dogon zango